Rakiya Har Ƙofar Ɗaki

Nassarawa G.R.A., Kano
Litinin, 7 ga Maris, 1977

Zuwa ga jikata Binta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Yau Litinin na tashi da ɗan sauƙi. Kumburin ƙafafun ya ragu, tarin kuwa yana nan, mun saba da juna ni da shi. Likita ya zo ranar Alhamis, ya saurari ƙirjina, sannan ya hana ni gishiri. Malachi kuku ya ɗauki maganar kamar umarnin gwamna, yanzu miyata ba ta da maraba da ruwan wanke kwano.

Bayan haka, takardarki ta iso. Ashe amaryar tawa ba ta manta da ni ba, sai dai ba ta tuna ni sai da bukata. Kin ce aikinki na kammala digiri a kan labaran ban tsoro ne, yadda suka faro da yadda suka sake kama a wannan zamani, kuma kina so in rubuto miki irin waɗanda muka ji muna yara. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. A zamaninmu wanda ya kai wa malami labarin dodo bulala yake sha, ku kuwa digiri ake ba ku.

To, ga ɗaya. Ba nawa ba ne, na kakarki Mairo ne, Allah ya jiƙanta. Ita ma a bakin gwaggonta ta ji shi a Ringim.

Wata mata ce ana ce mata Indo. Mijinta ya bi fatake kudu sayen goro, ya bar ta ita kaɗai a gidansu na bakin gari. Damina ta wuce, kaka ta wuce, abokan tafiyarsa suka dawo ban da shi, kuma duk wanda ta tambaya sai ya sunkuyar da kai. Ran nan da almuru, ta rufe ƙyauren ɗakinta ke nan, sai ta ji sallama a tsakar gida da muryar mijin. Ta zabura za ta buɗe, sai ta lura ba ta ji takun kowa ba, kaji kuma sun yi tsit a akurki. Ta tsaya. Aka sake sallama, aka yi shiru, shi ke nan. Da safe ta gaya wa wata tsohuwa maƙwabciyarta. Tsohuwar ta ce, "Komai ya ce miki kada ki amsa, kada ki buɗe. Koyon mijinki yake yi, bai gama ba."

Washegari muryar ta dawo da irin gyaran muryar da mijin yake yi kafin ya shiga ɗaki. Wata rana ta tambayi lafiyar jakinsu, har da sunansa. Kullum da almuru sai ta zo da wani sabon abu na mijin, har ta kai ga maganar da ya raɗa wa Indo ranar da zai tafi, wadda ba wanda ya ji sai su biyu. Indo dai tana ciki ta toshe bakinta da zane. Sai wata rana ba a yi sallama ba, ba a kuma roƙi ta buɗe ba. Ta ji an jingina da ƙyauren daga waje, an ce a hankali, "Indo, na gaji."

Nan zan tsaya, kuma ba rowa ba ce. A gidan su Mairo ba a ƙarasa wa mutum irin wannan labari sai in mai ba da shi zai ɗauki fitila ya raka shi har ƙofar ɗakinsa. Ni ina Kano, ke kina Zariya. Hutun Ista ya kusa. Ki zo in ƙarasa miki, in raka ki. Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi.

Babanki da mamanki suna Legas tun bayan Babbar Sallah, kwangila ta hana su sakat. Gidan daga ni sai Malachi sai Garba maigadi, duk suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Aƙilu

*

Samaru, Zariya
Jumma'a, 18 ga Maris, 1977

Kakana, angona,

Ina gaishe ka da kyau, Allah ya ƙara sauƙi. Ka bi maganar likita, ka kuma daina aiken Garba sayo maka kilishi a ɓoye, na san halinka.

Kaka, ka yi mana aika-aika. Na karanta wa Tamar takardarka, wata 'yar Wusasa da muke ɗaki ɗaya. Da na kai wurin "na gaji", sai ta fizge takardar ta juya bayanta wai ko akwai saura. Ba a jima ba wata ta ƙwanƙwasa mana ƙofa neman aron dutsen guga. Daga ni har Tamar ba wadda ta motsa, har ta gaji ta tafi tana zagi.

Bari in gaya maka abin da nake rubutawa, don ka daina ce mana masu digirin dodo. Malamin da ke duba aikina, Dakta muke ce masa, ya ce abin tsoro tafiya yake yi, kullum yana matsowa kusa da mutum. Da can yana daji, ko gindin kuka, ko cikin tsohuwar rijiya, in ka zauna a gida ka tsira. Da Turawa suka fara rubuta shi a littattafai sai suka kai shi tsofaffin gidajen sarakunansu da maƙabartu. Daga baya suka shigo da shi gidan kowa da kowa, mai ɗakuna da matakala. Marubutan yanzu kuwa sun sa shi cikin kan mutum, har ba ka sanin ko akwai wani abu a ɗakin ko kuwa mai labarin ne ya taɓu. Ga kuma silima ta ɗauka, tana nuna maka fuskar abin ƙiri-ƙiri. Labarin Kaka Mairo ya ɓata wa Dakta lissafi, don abin nata ba a daji yake ba, ba kuma a cikin ɗaki ba, yana bakin ƙofa. Ya karanta shi a tsaye, ya manta da shayinsa.

Ya ce tsayawar da ka yi dabara ce ta gwanayen labari, a bar mai sauraro a rataye. Na ce masa kakana ya iya wannan tun ba a haife shi ba.

Amma yanzu an rataye mu ya isa. Don Allah ka aiko ƙarshen ta gidan waya, don a tsakiyar Mayu zan miƙa aikin. Hutun Ista ba zan samu zuwa ba, akwai tulin littattafan da ban buɗe ba a laburare, ga mai buga min tafireta sai na tsaya a kansa. Ai Zariya da Kano kamar ɗaki da zaure ne, ko yaushe ka gan ni.

Ka gaishe da Malachi da Garba.

Taka har kullum,
Binta

*

Nassarawa G.R.A., Kano
Litinin, 28 ga Maris, 1977

Zuwa ga Binta,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da ƙawarki Tamar, ki ba ta haƙuri a madadina. Yau jikin da nauyi. Tun jiya a zaune nake salla, zafin bazara kuma ya fara danne min numfashi. Kilishin da kika ambata sharri ne, sau ɗaya aka yi, kuma Malachi ya kama mu.

Na karanta bayanin Dakta har sau biyu, kuma na yarda da shi. In haka ne, ni a cikin labarin zamani nake zaune. Babanki ya gina ɗakuna kamar zai saukar da alhazai, kujerun falo duk an lulluɓe su da farin ƙyalle. Firji yana gurnani shi kaɗai. Tarho yakan yi ƙara, kafin in ja ƙafa in isa ya katse. A nan ba ka jin daka, ba ka jin kukan akuyar maƙwabci, sai motoci su wuce a bayan katanga. Lokacin da muke Yakasai in na yi tari sai maƙwabcinmu Malam Bappa ya ce min sannu ta kan katanga. A nan in na yi tari falon ne yake maimaita min. Ban faɗa don ƙorafi ba, babanki ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Na faɗa ne ko zai yi miki amfani a rubutu.

Irin littattafan da kika ambata na taɓa karanta ɗaya muna makarantar Midil, wani malaminmu Bature ya ara min. Fatalwar ciki ba ta dame ni ba, don abin da ke yawo cikin ƙanƙara bai san hanyar Kano ba. Abin da ya dame ni shi ne da na rufe littafin na ɗaga kai, ba kowa. Wanda ya tsorata ni yana can ƙasarsu, wataƙila ma ya daɗe da mutuwa. Ya ɗora min kaya ya yi tafiyarsa.

Mairo ba ta yin haka. In ta gama labari sai ta ɗauki aci-balbal ta sa yaro a gaba har ɗakinsa. Ta ɗaga fitilar ta haska masa kowane lungu tana cewa, "Ga randa, ga tabarma, wancan zanenka ne a kan igiya, ba mutum ba ne." In ya kwanta sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Na ɗauke abina, na tafi da shi." In yaran gida biyar ne, ɗakuna biyar za ta bi. In kuwa yaron maƙwabta ne wanda ba za ta iya kaiwa gida ba, ko zai yi birgima ba za ta ƙarasa a gabansa ba. Ke ma ta raka ki kina ƙarama, kin ƙanƙame mata zane har ya kusa kwancewa. Ban sani ba ko kin tuna.

Don haka ki gaya wa Dakta, da girmamawa, ba dabara ba ce. Hakki ne. Wanda ya ɗora wa mutum tsoro shi ne zai sauke masa. Ban taɓa ganin ta karya wannan ba, ni kuma ba zan fara karya mata ba bayan ranta, a cikin ambulan mai kan sarki.

Na ji uzurinki na hutu, Allah ya taimaka. Zaure da ɗakin da kika ce gaskiya ne, sai dai ni yanzu ko zauren gidan nan sai na huta a hanya. Duk ranar da kika samu sarari, ko kwana ɗaya ne, ki zo ki kwana ki koma.

Wassalam. Mijinki da aka yi wa yaji saboda littattafai,
Aƙilu

*

Ikoyi, Legas
12 ga Afrilu, 1977

Ranka ya daɗe Baba,

Bayan gaisuwa da fatan ka samu sauƙi. Hajiya tana gaishe ka.

Binta ta bugo min waya, ta yi min bayanin wani labari da take bukata a wajenka don jarrabawarta, wanda ka ce ba a rubuta shi. Na samo mafita. Ga rikoda nan sabuwa na ba Bala direba ya kawo maka, da kaset da batir. Ka danna jan maɓallin ka yi magana kamar tana gabanka, in ka gama Bala ya kai mata Zariya. Ka ga ba rubutu aka yi ba, ita ma ba sai ta bar karatunta ba.

Na yi magana da likita. Yana so a kwantar da kai asibiti a farkon Mayu don a duba zuciyar sosai. Na sa an tanadi ɗaki na musamman. Zan shigo da zarar an sa hannu a takardun da nake jira.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Sanusi

*

Samaru, Zariya
Jumma'a, 22 ga Afrilu, 1977

Kakana,

Ina gaishe ka. Baba ya gaya min zancen asibiti. Me ya sa duk takardunka sai kilishi da gishiri, ba ka ce min abin ya kai haka ba?

Rikodar nan ba ni na ce a aiko ba. Ƙorafi kawai na yi masa, ka san Baba, kafin ka rufe baki ya sayo wani abu. Bala ya biyo ta nan hannu wofi, ya ce ka karɓa ka yi godiya, ka sa Malachi ya ɗora ta a kan firji wai su riƙa hira. Na yi dariya, daga baya kuma na ji kunya.

Na tuna rakiyar, Kaka. Ban tuna labarin da ta ba ni ba, amma na tuna warin man fitilar, da inuwarmu a bango, da yadda ta taɓa turmi da ƙafa ta ce, "Turmi ne, gaishe shi." Na zauna na rubuta babi guda a kan wannan. Na ce da labarin tsoro ya tashi daga baki ya koma takarda, ya ƙaru da abubuwa da yawa, amma ya bar rakiyarsa a baya. A silima ma in an gama kowa kekensa yake nema. Dakta ya ce wannan babin shi ne aikin, sauran duk na aro ne. Na sa sunan Kaka Mairo da naka a shafin farko.

Zan zo ranar Asabar, bakwai ga Mayu, in sha Allahu. Zan shiga motar hantsi, kafin la'asar ina gida. Ka ce wa Malachi ina son tuwon shinkafa da miyar taushe, kuma da gishiri, ni ba a hana ni ba. Ka tanadi fitila.

Kafin nan ga gardamar da muke yi da Tamar. Ni na ce Indo ba za ta buɗe ba, don ta san ba mijinta ba ne, an kuma gargaɗe ta, mai hankali ba zai buɗe ba. Tamar ta ce za ta buɗe. Kada ka faɗa min a takarda, na san dokar. Ina so dai ka san ni ce zan ci.

Amaryarka mai dawowa daga yaji,
Binta

*

Nassarawa G.R.A., Kano
Asabar, 7 ga Mayu, 1977

Binta,

Gaisuwa da sa albarka. Yau Asabar numfashin gajere ne, ki yi haƙuri da rubutun. Jibi Litinin za a kai ni asibiti.

Malachi ya yi taushen, albarkacinki har ni an ɗiga min gishiri. Tun azahar na sa aka fitar min da kujera baranda. Motoci suna da yawa a unguwar nan yanzu, kowace ta rage gudu a kwanar gidan sai na dafa sanda. Da la'asar hadari ya haɗu ta kudu, Garba ya ce lalle an yi ruwa a hanyar Zariya. Na ce haka ne. Ko ruwa ne, ko mai tafireta, ko Dakta, na san ba da gangan ba ne, kada ki sa komai a ranki.

Tamar ce ta ci. Indo ta buɗe. Ranar da Mairo ta fara ba ni labarin, muna sabon aure, abin da kika ce shi na ce, mai hankali ba zai buɗe ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, ba ka taɓa jiran kowa ba." Sai yau a baranda na ba ta gaskiya.

Abin da Indo ta gani a bakin ƙofar ba zan rubuta ba. Bayan magariba na sa aka sauko da rikodar babanki daga kan firji. Na danna jan maɓallin, na ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, yadda Mairo take bayarwa. Da na gama ban kashe ba. Na rataya ta a wuya, na riƙe fitilar ƙwai a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, na kama hanyar ɗakinki. Malachi ya so ya kunna lantarki, na hana shi. Na haska miki komai a hanya. Kujerun falo kujeru ne, na ɗaga ƙyallen na duba. Gurnanin nan firji ne. Abin da ke bayan ƙofarki tsohuwar rigarki ce ta makaranta. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗi abin da ake faɗa.

In kin saurara za ki ji wani abu yana jan ƙafa yana haki, yana tsayawa yana ci gaba. Kada ki ji tsoro. Ki tuna muryar da ta zo wa Indo ba ta da taku. Wannan tana da shi, har da sanda.

Kaset ɗin yana kan matashin gadonki, don hanyar wannan ɗakin na sani, ban san ta na Zariya ba. Amma in lokacin miƙa aiki ya matse ki, ki turo Bala ya kai miki, ki saurara tare da Tamar. Ba zan yi fushi ba, Mairo ma ina jin za ta yafe mana.

Allah ya ba ki sa'a, ya raka ki duk inda za ki.

Kakanki,
Aƙilu

Garba ya leƙo bayan isha'i yana tambaya ko ya sa wa ƙofar gida kwaɗo. Na ce ya ɗan ƙara jira, ya jira. Yanzu na ji ya rufe. Ba ki zo ba. Tuwonki yana nan a rufe, na ce Malachi ya ɗumama da safe ko Allah ya sa.